Wa Ke Yanke wa Moto Gudunsa?

Duk wanda ya taɓa ratsa kasuwar Panteka ta Kaduna, ko 'Yan Katako da ke Na'ibawa a Kano, ya san kunne ne ke fara shaida sana'ar wurin kafin ido. Ga kukan zarton katako mai tsinin murya, ga gurnanin injin feƙe ƙarfe, ga ihun giranda tana watsa tartsatsi. Bambancin waɗannan muryoyi bambancin gudu ne. Amma da za a leƙa bayan injinan ɗaya bayan ɗaya, sai a tarar mafi yawansu abu iri guda ke juya su, wato dunƙulen ƙarfen nan mai haƙarƙari a jiki wanda masu sana'a ke kira moto. Abin da zai ba mai karatu mamaki shi ne, wannan moto kusan gudu ɗaya tak ya sani, kuma ba mai shago ne ya zaɓa masa shi ba. An yanke masa gudunsa a wurare biyu masu nisa: tashar da ake samar da wutar, kamar Kainji ko Shiroro ko Egbin, da kuma masana'antar da aka naɗa wayar cikinsa.

Sanin wannan magana yana da amfani a aljihu da kuma a jiki. Moto shi ne jarin mai shago. In ya ƙone aiki ya tsaya, yaran shago sun zauna, ga kuɗin mai naɗin koyil, ga kwanakin jira. Sau da yawa kuwa abin da ke ƙona shi bai wuce tilasta masa gudun da ba nasa ba. A ɗaya gefen, dutsen washin da aka juya fiye da kima yakan tarwatse a fuskar mai aiki.

Kowane aiki da gudunsa

Wuƙar da ke yankan ƙarfe ba ruwanta da yawan zagayen da inji ke yi. Abin da ya dame ta shi ne tsawon ƙarfen da ke wucewa ta bakinta a kowane minti, domin gogayyar nan ce ke haifar da zafi, zafi kuwa shi ke kashe kaifi. Littattafan koyon sana'a sun ba da ƙiyasi. Bakin huda irin wanda aka saba saye a kasuwa yana son ya ratsa mita 25 zuwa 30 na baƙin ƙarfe mai taushi a minti ɗaya. Alminiyum yakan ɗauki ninki uku na wannan ko fiye. Katako kuwa ba a magana, gama zarto mai kama da ɗamara da ake yanka shi da shi yana gudun kimanin mita 900 a minti.

Ɗalibin da ya san kewayen da'ira zai iya ƙarasa lissafin da kansa. Bakin huda mai faɗin milimita 5 kewayensa kusan milimita 16 ne. Kafin ya cika mita 25, wato milimita 25,000, sai ya zagaya kimanin sau 1,600 a minti. In aka sauya shi da mai faɗin milimita 20, kewaye ya ninka sau huɗu, saboda haka zagaye 400 ya ishe shi. Sandar ƙarfe mai kaurin milimita 100 da aka ɗaura a injin feƙewa kuwa zagaye 80 kawai take bukata. Ke nan a shago ɗaya, a rana ɗaya, ana iya neman gudun da ya bambanta ninki ashirin.

Wani injiniya Ba'amurke mai suna Frederick Taylor ya shafe shekara 26 yana gwaje-gwajen yankan ƙarfe kafin ya gabatar da sakamakonsa a 1906. Shi ne kuma, tare da abokin aikinsa Maunsel White, ya gano a 1898 yadda ake gasa ƙarfen wuƙa har ya riƙe kaifinsa ko da ya yi ja don zafi. Babban abin da Taylor ya tabbatar shi ne, tsakanin zurfin yanka da ƙarfin tura wuƙa da gudu, gudu ne ya fi cin rayuwar wuƙa. Ƙarin kashi 20 cikin 100 yana iya cinye rabin kwanakinta ko fiye. Wanda ya ga ɓarɓashin ƙarfe ya koma shuɗi, bakin huda yana kuwwa yana hayaƙi, to ya ga wannan ƙa'ida da idonsa.

Maganar dutsen washi da faifan giranda ta fi wannan muni. Ƙarfin da ke neman yaga abu mai juyawa yana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa: in gudu ya ninka biyu, ƙarfin ya ninka huɗu. Shi ya sa ake rubuta iyakar zagaye a jikin kowane faifai. Ƙaramar giranda mai faifan milimita 115 tana zagaya kimanin sau 11,000 a minti, babba mai faifan milimita 230 kuwa kimanin 6,500. Wanda ya cire murfin kariya ya ɗaura babban faifai a kan ƙaramar giranda, don kawai faifan ya daɗe bai cinye ba, ya ɗora masa kusan ninki uku na wahalar da aka gina shi ya jure.

Luguden wuta

Wutar da ke zuwa gidaje da shaguna ba ta gudana hanya ɗaya kamar ruwan famfo. Zuwa take yi tana komawa. A Nijeriya da Nijar da Ghana, da mafi yawan ƙasashen Afirka da Turai, tana cika zuwa da komowa 50 a kowane sakan. A Amurka kuwa 60. Wannan adadi shi ake rubutawa a jikin na'urori da alamar Hz, don tunawa da masanin nan Bajamushe Heinrich Hertz. A nan za a kira shi bugun wuta. Duk janaretocin da ke haɗe a babban layin ƙasa suna juyawa ne a kan bugu ɗaya, daga Legas har Kano.

Manyan shaguna suna samun wuta mai layi uku, wadda masu aikin wuta ke kira tiri-fes. Layukan uku ba sa kai ƙololuwar ƙarfinsu lokaci guda. Kamar 'yan mata uku ne masu lugude a turmi ɗaya, kowace taɓarya tana sauka a lokacinta, ta ba ta gaba wuri. A cikin moto an jera koyil na wayar jan ƙarfe a kewayen bango, an raba su ga layukan uku. Ƙarfin maganaɗisu sai ya tashi a wannan koyil, ya koma na gaba, ya koma na gabansa, har ya zagayo. Babu abin da ya motsa, amma maganaɗisu yana zagaya ɗakin. Galileo Ferraris ya nuna wannan a birnin Turin na Italiya a 1885, Nikola Tesla ya sami takardun mallakar fasahar a Amurka a 1888, sannan Mikhail Dolivo-Dobrovolsky na kamfanin AEG a Jamus ya ƙera a 1889 irin moton da har yau ya cika shaguna.

Dunƙulen da ke juyawa a tsakiya babu waya ko ɗaya da ke kai masa wuta. Sanduna ne na alminiyum ko jan ƙarfe a binne cikin baƙin ƙarfe, an haɗe bakunansu da zobe biyu, har Turawa suka kamanta siffar da kejin kurege. Tun 1831 Michael Faraday ya gano cewa maganaɗisun da ke giftawa ta jikin waya yana haifar da wuta a cikinta. Saboda haka maganaɗisu mai zagayawa yana haifar da wuta a sandunan nan, wutar ta mai da su maganaɗisu, su kuma su bi shi a guje. Sai dai ba za su taɓa cim masa ba. Da za su kamo shi, da ya daina gifta su, wutar cikinsu ta mutu, jan ya ƙare. Dole a bar 'yar rata a tsakani, kashi 3 zuwa 5 cikin 100 in moto yana ɗauke da cikakken kaya.

Gudun maganaɗisun kuwa lissafinsa gajere ne: a ninka bugun wuta da 120, a raba da yawan kawunan maganaɗisun da aka naɗa a koyil. Moto mai kai biyu a kan bugu 50 yana da zagaye 3,000 a minti, mai kai huɗu 1,500, mai kai shida 1,000. In aka cire rata, shi ne ake ganin adadi irin su 2,880 ko 1,440 ko 960 a kan ɗan farantin da ke manne a jikinsa. Mai karatu ya lura, ƙarfin wuta, wato bolt, bai shigo cikin lissafin ba ko kaɗan. Haka nan nauyin aiki bai cika taɓa gudun ba. In aka ƙara wa moto kaya, rata ta ɗan buɗe, ya ƙara zuƙar wuta, ya ci gaba da gudunsa.

Masu nazarin halittu sun san irin wannan tsari a ƙirjin kowa. Wani ɗan ƙullin ƙwayoyin halitta ne a saman ɗakin dama na zuciya ke aika saƙon lantarki sau 60 zuwa 100 a minti, tsokar zuciya kuma ta bi. Wanda ya rage wa tsokar jinin da take sha bai daidaita mata bugu ba, galabaitar da ita ya yi.

Ragiletar fanka da abin da take jawowa

Kuskuren da ya fi yawa daga fanka ya samo asali. Kowa ya ga an murɗa ragileta fanka ta rage gudu, sai a ɗauka haka za a yi wa injin huda ko injin niƙa. Ragileta bolt take ragewa, bugun wuta yana nan yadda yake. Ƙarfin murɗawar moto kuwa yana tafiya ne da ninkin bolt a kan kansa. In wuta ta sauka daga bolt 230 zuwa 207, wato kashi 10 cikin 100, ƙarfin murɗawa ya ragu da kashi 19. In ta sauka zuwa 184, ya ragu da kashi 36. Amma hatsin da ke cikin injin niƙa bai yi laushi ba don wuta ta ragu. Moto zai dage a kusa da gudunsa, rata ta ƙara buɗewa, ya zuƙi amfiya fiye da ƙa'ida don ya cike gurbi. Zafin da waya ke yi shi ma da ninkin amfiya a kan kansa yake tafiya. Ana ci gaba da rage bolt, ba a samun gudu na tsaka-tsaki mai amfani. Sai dai a kai wani mataki moto ya cije gaba ɗaya yana gurnani.

Abin da ke mutuwa a cikin moto wani siririn shafi ne kamar fenti da ke jikin wayar koyil, wanda ke hana wuta tsallakewa daga wannan zagayen waya zuwa maƙwabcinsa. Injiniyoyi suna da ƙa'idar cewa duk ƙarin zafi na digiri 10 a ma'aunin Salshiyos yana raba rayuwar wannan shafi biyu. Ɗalibin ilimin halittu zai gane ƙa'idar nan da nan, domin ita ce dai ya karanta a kan sinadaran da ke aiki a jikin masu rai: ƙarin digiri 10 yakan ninka saurin haɗuwar sinadarai kusan sau biyu. Abin da ke sa ƙadangare ya yi kasala da sanyin asuba ya wartsake in ya sha hantsi, shi ne ke sa shafin waya ya tsufa da wuri in ya sha zafi. Moton da aka gina ya yi shekara 20, in ana aiki da shi da ƙarin digiri 30, bai fi ya yi shekara biyu da rabi ba. Kuma ba sai an sa ragileta ba. Ranar da wuta ta zo unguwa a raunane, ƙwan fitila yana ja kamar garwashi, duk moton da aka kunna a kan kaya yana cikin wannan hali. Haka kuma in layi ɗaya cikin uku ya yanke, moto zai ci gaba da juyawa a kan biyun da suka rage har koyil ya dafe, sai fa in an sa masa makunnin kariya mai yanke wuta in amfiya ta haura.

Ƙananan shaguna masu layi ɗaya suna da ƙarin matsala. Layi ɗaya taɓarya ɗaya ce, ba ta yin lugude, saboda haka moton ba zai iya tashi da kansa ba. Ana sa masa koyil na biyu na tayarwa, tare da kafasita, da wani makunni a ciki mai buɗewa da kansa in gudu ya kai kimanin kashi 75 cikin 100. Shi ne ɗan ƙas ɗin da ake ji in an kashe inji yana dab da tsayawa. Koyil ɗin tayarwa na 'yan sakanni ne kawai. Duk dabarar da ta ja gudun moto ƙasa da wannan mataki za ta rufe makunnin, wuta ta zauna a koyil ɗin da ba a gina shi don zama ba, sai hayaƙi.

To, me ya sa fanka take tsira? Iska kaya ce mai sauƙin hali. In gudun fanka ya ragu zuwa rabi, ƙarfin da take bukata ya faɗo zuwa kashi ɗaya cikin takwas, kuma da ma an gina ɗan motonta ya jure babbar rata. Akwai kuma wani dangin moto dabam da ke cikin diril na hannu da giranda da keken ɗinki. Shi wannan ana kai wa amecharsa wuta kai tsaye ta burushin gawayi guda biyu, kuma gudunsa yana bin bolt da nauyin kaya, babu ruwansa da bugun wuta. Shi ya sa tela ke sarrafa kekensa da tafin ƙafa. Gane shi ba wuya: yana da tsinin murya, kuma ana hango tartsatsi ta ramukan shan iskarsa. Aibinsa shi ne in aka rage masa gudu da ragileta mai sauƙi, da ya haɗu da kaya sai ya yi sanyi. Masu kyau daga cikinsu suna da ɗan ma'auni mai sanar da na'urar sarrafawa ainihin gudun, ita kuma ta ƙara wuta in ya ragu, kamar yadda jiki ke riƙe zafinsa a kusa da digiri 37.

Fuli da bel

Tsohuwar hanya ita ce a bar moto a kan gudunsa, a canza gudu a tsakaninsa da aiki. Fuli shi ne gargaren da bel ke hawa. In moto mai zagaye 1,440 yana da fuli mai faɗin milimita 50, aka ja bel zuwa fuli mai milimita 150, na biyun zai zagaya sau 480. Ribar da ba a cika lura da ita ba ita ce, gudun da aka rasa ba a banza ya tafi ba, ya koma ƙarfin murɗawa, wanda ya ninka uku. Mai keke da ya sa babbar giya ta baya zai hau tudu ya san wannan ciniki: ƙafarsa tana juyawa yadda ta saba, keke yana tafiya a hankali, amma yana hawa. Fuli mai hawa-hawa da ke kan injin huda, da akwatin giya na injin feƙewa, duk a kan wannan suke. Wanda ke son mai da zarton katako ya yanki ƙarfe yana bukatar rage gudu kusan ninki 30, abin da fuli biyu ba za su ba shi ba, sai an yi zango biyu ko an sa akwatin giya.

Ga ƙaramin shago, har yau da wuya a sami dabarar da ta fi wannan araha da aminci. Ba ta tsoron ƙura, kowane maƙeri yana iya gyara ta, kuma in aiki ya cije bel yakan zame ya ceci moto. Aibinta biyu. Matakan gudu ƙidayayyu ne, kuma sai an tsai da inji kafin a sauya. Ƙyuyar tsayawar nan ce ke sa a huda komai da gudu ɗaya, ko a tura bel da hannu inji yana tafiya. Na biyu, bel ɗin da babu murfi ba ya bambanta yatsa da hannun riga.

Injiniyoyin farko sun nemi wasu hanyoyi. A 1897 Robert Dahlander na ƙasar Suwidin ya fito da naɗin koyil da ake sauya haɗinsa, kawunan maganaɗisu su koma huɗu daga biyu, a sami gudu biyu a moto ɗaya. Kafin shi, a 1891, Harry Ward Leonard a Amurka ya haɗa moto da janareta don su ciyar da wani moto na uku da wutar da ake iya sarrafawa. Tsarin ya yi shekaru da dama yana aiki a ma'adinai da masana'antun ƙarfe, amma injina uku don juya sanda ɗaya ba kayan talaka ba ne.

In kiɗa ya canza

Hausawa sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Tunda moto bugun wuta yake bi, hanyar gaskiya ta canza gudunsa ita ce a canza bugun. An daɗe da sanin haka, abin da aka rasa shi ne makunni mai saurin da zai iya. Kamfanin General Electric ya fito da tairista a 1957, jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Helsinki da aka buɗe a 1982 ya yi tafiya da motocin da ake sauya wa bugu, sannan sabon nau'in tiranzista da ya bazu daga shekarun 1980 ya sa na'urar ta ƙanƙance ta yi araha. A yau ta ƙaramin inji ba ta fi bulo girma ba. Masu sayar da kayan wuta suna kiranta inbatar moto, ko su ambace ta da haruffan VFD, kuma 'yar'uwar inbatar sola ce.

Ɗaki uku ne a cikinta. A na farko akwai dayod, masu barin wuta ta wuce hanya ɗaya kawai, kamar 'yan ƙofofin da ke cikin jijiya masu hana jini komawa baya. A na biyu akwai manyan kafasita da ke tara wutar kamar randa. A na uku tiranzista shida ne ke buɗewa suna rufewa sau dubbai a sakan, suna ɗibar wuta daga randar suna aika wa moto gutsure-gutsure, wasu masu faɗi wasu sirara. Koyil ɗin moto ba ya iya bin wannan sauri, saboda haka matsakaicinsu yake ji, ya ɗauke shi a matsayin wuta mai layi uku a kan duk bugun da aka zaɓa. Siririn fito da ake ji daga moton da ke kan inbata muryar wannan yanka ce.

Na'urar tana rage bolt tare da bugu, kuma a nan hikimar take. Moton da aka gina don bolt 400 a kan bugu 50 yana son bolt 8 ga kowane bugu ɗaya. In aka sauko da bugu zuwa 25, sai a ba shi bolt 200. Dalili kuwa, koyil yana rage turjiya ga wuta in bugu ya ragu, saboda haka cikakken bolt a kan rabin bugu zai cika ƙarfen da maganaɗisu fiye da abin da zai iya ɗauka, ya yi zafi. Rage bolt shi kaɗai ɓarna ne, rage bugu shi kaɗai ma ɓarna ne. In an rage su tare, maganaɗisu yana nan da ƙarfinsa, zagayensa ne kawai ya yi sanyi.

Amfaninta a bayyane yake. Moton da aka haɗa kai tsaye da layi yakan zuƙi kimanin ninki shida na amfiyarsa lokacin tashi, shi ya sa fitilun maƙwabta ke lumshewa. Inbata kuwa a hankali take tayar da shi. Ƙananan, har zuwa kimanin kilowat 2.2, suna karɓar wutar gida mai layi ɗaya su fitar da layi uku na bolt 230, muddin an sauya haɗin moton daga na tauraro zuwa na alwatika kamar yadda farantinsa ya nuna. Wannan ya buɗe wa mai ƙaramin shago ƙofar amfani da injinan tiri-fes. A manyan masana'antu kuwa maganar kuɗin wuta ce. Hukumar Makamashi ta Duniya ta ƙiyasta a 2011 cewa motocin lantarki na injina suna shan kashi 43 zuwa 46 cikin 100 na duk wutar da duniya ke amfani da ita, kuma famfo ko fankar da aka rage wa gudu da kashi 20 kusan rabin wutarsa kawai yake sha.

Sai dai masu tallarta ba su cika faɗin sauran maganar ba. A ɗauki moto mai kilowat 1.5 da zagaye 1,440, ana son 480. Fuli zai ba da wannan gudu tare da ninki uku na ƙarfin murɗawa, kilowat 1.5 ɗin yana nan. Inbata za ta ba da gudun a kan bugu 17, amma ƙarfin murɗawa bai ƙaru ba, abin da ya isa bakin aiki rabin kilowat ne kawai. Babban bakin huda kuwa, wanda shi ne ke neman ƙaramin gudu, shi ne kuma ke neman babban ƙarfi. Saboda haka wanda ya sayi inbata ya zubar da fulinsa ya yi gaggawa. Fuli ya zaɓi zango, inbata ta daidaita a cikin zangon. Ban da haka, fankar da ke sanyaya moto a kan sandarsa take, in ya daɗe yana ƙaramin gudu da kaya sai an ƙara masa wata fankar mai cin gashin kanta. Mafi yawan inbatoci an auna su ne don zafin da bai wuce digiri 40 ba, alhali Kano da Sakkwato da Maraɗi suna haura wannan a watan Afrilu, ga ƙurar hunturu, ga garin katako da ɓarɓashin ƙarfe. Ba ta dace da moto mai layi ɗaya da makunnin tayarwa ba. Kafasitocinta suna riƙe fiye da bolt 300 na wasu mintoci bayan an ɗauke wuta. Kuma tunda tana iya kai bugu 100 ko fiye, wajibi ne a kulle iyakar sama kafin a bar yaron shago da maɓallin, balle in dutsen washi ne a kan sandar.

Janareta da injin gwanjo

Shagon da ke aiki da janareta shi ke buga wa kansa kiɗa. Babban janareta mai kai huɗu sai injinsa ya riƙe zagaye 1,500 kafin ya ba da bugu 50, ƙanana kuwa 3,000. Abin da ke riƙe wannan gudu shi ne na'urar da makanikai ke kira gwamna, jikanyar wadda James Watt ya ɗora wa injin tururi a 1788. Wanda ya taɓa saitin gwamna don ya ƙara hasken fitila ya canza gudun kowane moto da ke shagon bai sani ba.

Injinan gwanjo da ake shigowa da su daga Amurka su ma sai an karanta farantinsu. Moton da aka rubuta wa bugu 60 da zagaye 1,750 zai yi kimanin 1,450 a nan, ya rasa kashi ɗaya cikin shida na gudunsa. In na layi uku ne mai bolt 460, rabonsa ya kama kusan 7.7 ga kowane bugu, bai yi nisa da 8 ba, saboda haka zai zauna lafiya da wutar bolt 400. Amma mai layi ɗaya na bolt 230 da bugu 60, in aka ba shi bolt 230 a kan bugu 50, rabonsa ya haura da kashi 20 cikin 100, kuma zai riƙa ɗaukar zafi ko da ba a ɗora masa kaya ba.

Malamin da ke son ɗalibansa su ga rata da idonsu yana iya yin haka da kaya kaɗan. A samu moto mai kai huɗu da aka ɗaure da kyau a kan teburi, a cire bel, a manna wa fuskar fulinsa da'irar kwali da aka raba gida takwas, huɗu baƙi huɗu fari a jere bi da bi. A rufe tagogi a kunna doguwar fitilar nan ta da mai aiki da cok, domin yawancin na zamani ba sa ƙiftawa irin nata. Ita tana ƙiftawa sau 100 a sakan, maganaɗisun moto kuwa yana zagaya sau 25, wato rubu'in zagaye a kowace ƙiftawa. Ɗalibai za su ga zanen kamar ya tsaya, yana ja da baya sannu a hankali. A ƙirga sau nawa ya zagaya baya a minti ɗaya, a cire daga 1,500, abin da ya rage shi ne ainihin gudun moton. Wannan ruɗin ido shi ne kuma dalilin da ya sa ba a yarda a haska zarto ko injin feƙewa da irin wannan fitila ita kaɗai ba, domin a cikin ƙarar shago haƙoran da ke gudu suna iya bayyana a tsaye.